Warin Takalmi

Da warin takalmi aka kawo min shi,
shekarar da mutane suka gudo daga Madani,
motar gawayi ta juye su a bakin kasuwar Kasala.
Ba magana, ba kuka.
Ya rungume takalmin a ƙirji
kamar wanda aka ba ajiya.

Malama Ikhlas ta ofishin yara ta rubuta:
namiji, kimanin shekara uku, tabo a bayan kunnen hagu.
Ta ce, Hajja Kande, na ɗan lokaci ne.
Na ce to.
Wa ya taɓa auna ɗan lokaci da mudu?

Na sa masa Baƙo.
Wata biyu bai ce uffan ba,
sai ranar da akuyar Malam Ɗanyaro
ta tsoma baki a ƙullun kisira,
ta ɗago da farin gemu.
Ya yi dariya har ya sarƙe.
Daga ranar bakinsa ya buɗe:
Yumma, ruwa. Yumma, sauro. Yumma, ɗauke ni.
Ni da haihuwa ta tsallake ɗakina shekara talatin,
sai ga ni ina amsawa tun kafin a kira.

Sau biyu Gash ya kawo ruwa ya bar mana yashi.
Na san tarinsa na asuba.
Na san ba ya shan madara
sai an ɗiga shayi ta canza launi.

Wata Talata da azahar sai ga Malama,
bayanta wata siririyar mace, mayafinta ya koɗe,
dugaduganta sun tsage da zagayen sansani.
Sallamarta rabi ce.
Idonta ya riga ta shiga gidan.

Ta ce tabon na murhu ne, yana rarrafe, ina wanki.
Ta ce sunansa Mudassir.
Ta kwance bakin mayafi,
ta ajiye ɗaya warin a kan tabarma.
Shuɗi. Maɗaurin an ɗinke shi da zaren buhu.

Yaron ya ɓuya a bayana, ya damƙi zanina.
Allah ne shaida, wani abu a ƙirjina ya yi murna,
na kuma ji kunyar murnar.

Malama ta ce ban da gaggawa, a ba shi mako guda.
Sa'adiyya ta kwana a rumfa kan gadon igiya.
Ba ta jawo shi ba.
Takan ajiye dabino a gefen gwiwarta, ta kau da kai.
Na koya mata dabarar madara.
Ta gaya min tsoron tsawa ba a gidana ya faro ba.
Muna tsince wake, muna hirar yaro ɗaya
kamar fatake biyu da kowa ya san rabin hanya.

Dare na biyar hadari ya taso daga bayan Totil.
Na miƙa hannu gefena.
Shimfiɗa da ɗumi, ba kowa.
Na leƙa rumfa:
kansa a hammatarta,
babban yatsanta na shafa bayan kunnensa
daidai inda nake shafawa.
Na koma na kwanta
ina ƙirga ɗigon indararo.

Ranar tafiya na ƙulle masa gyaɗa da lemo da rigar Idi.
Takalman yanzu ko yatsunsa ba sa ɗauka.
Sa'adiyya ta ɗauki ɗaya, ta turo min ɗaya,
ta ce, Yaya, ki zo da shi in an sha ruwa.
Bas ya tashi.
Ta taga ya ƙwala, Yumma!
Mu biyu muka amsa.

Har yau nakan farka lokacin tarin.
Jiya akuyar ta sake shigowa.
Na ɗauki sanda,
sai na tsaya ina kallon gemunta.